Yadda Ake Gano Yawan Haidironiyom Daga pH: Jagora Mataki-Mataki

Idan aka ba ka tambaya aka ce pH na wani ruwan haɗi 4.35 ne, nemo yawan haidironiyom da ke cikinsa, ƙa'idar da za ka yi aiki da ita layi ɗaya ce tak:

[H₃O⁺] = 10^(−pH)

Alamar ^ na nufin abin da ke cikin baka shi ne ƙaramar lambar da ake ɗorawa a saman goma, wadda ɗalibai ke kira fawa. Duk da gajartar ƙa'idar, a nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki a jarrabawar WAEC da NECO, kuma ba don rashin hadda ba. Sun haddace, sun danna kalkuleta, sun kwafe duk abin da ya fito a fuskarta, ba su da wata hanya ta gane ko amsar ta yi ma'ana. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan jagora shi ne ka san inda amsa za ta faɗa tun kafin ka taɓa kalkuleta. Wanda ya iya wannan, ko yatsansa ya zame ya danna wani maɓalli daban, nan take zai gane.

Me ake ƙirgawa?

Asid idan ya shiga ruwa yana sakin haidirojin mai cajin fositif, wato H⁺. Wannan H⁺ firoton ne guda ɗaya tsirara, kuma ba ya iya zama shi kaɗai a cikin ruwa. Da zarar ya fito sai ya manne wa ƙwayar ruwa mafi kusa da shi:

H⁺ + H₂O → H₃O⁺

Wannan H₃O⁺ shi ne haidironiyom. Shi ya sa wani littafin zai rubuta [H⁺], wani kuma [H₃O⁺], alhali a lissafi abu ɗaya suke nufi. Bakan nan mai kusurwa, [ ], ma'anarsa yawan mol na abin a cikin kowace lita ɗaya ta ruwan haɗin; mol kuwa ma'aunin ƙirga ƙwayoyin sinadari ne. A takardun jarrabawarmu an fi rubuta mol dm⁻³, wasu littattafan kuma mol/L ko babban baƙin M. Duka ukun ɗaya ne, domin dm³ ɗaya daidai yake da lita ɗaya, wato cm³ 1000.

Ko tsarkakakken ruwa yana da haidironiyom ɗinsa, domin ƙwayoyin ruwa na miƙa wa juna firoton. Sai dai kaɗan ne ƙwarai: a zafin digiri 25 na Salshiyas, mol 0.0000001 ne a lita. Lita ɗaya ta ruwa na ɗauke da kusan mol 55.5 na ƙwayoyin ruwa, ke nan ƙwaya ɗaya cikin kimanin miliyan 555 ce ta rabu a kowane lokaci.

Irin waɗannan lambobi masu jerin sifili su ne suka sa masanin sinadarai ɗan ƙasar Danmak, Soren Sorensen, ya ɓullo da ma'aunin pH a shekarar 1909, lokacin da yake aiki a ɗakin bincike na Carlsberg da ke birnin Kofanhagan. Yana nazarin furotin da sinadaran da ke hanzarta ayyukan jikin masu rai, waɗanda ɗan canjin tsami kaɗan ke sauya musu hali, kuma yana bukatar gajeriyar hanya ta rubuta ƙananan lambobi. Sai ya ɗauki fawa ta goma kawai ya cire mata alamar ragi:

pH = −log[H₃O⁺]

Log ɗin nan na goma ne. Tambayar da yake amsawa ita ce: wace fawa zan ɗora wa goma in samu wannan lamba? Tunda 0.0000001 shi ne 10⁻⁷, log ɗinsa −7 ne, pH kuma 7. Mu aikinmu shi ne komawa da baya. Mayar da alamar ragin ɗaya ɓangaren, −pH = log[H₃O⁺], sannan ka warware log ɗin ta hanyar ɗora abin a saman goma. Ƙa'idar da muka fara da ita ke nan.

Abubuwa biyu suka fito daga nan. Na farko, ma'aunin a juye yake: pH na sauka, haidironiyom na ƙaruwa. Na biyu, kowane taki ɗaya a kan ma'aunin ninki goma ne. Kamar ƙarin sifili ne a kan farashi: tsakanin naira 100 da naira 10,000 sifili biyu kawai aka ƙara a rubuce, amma a aljihu ninki ɗari ne. Ruwa mai pH 3 ya fi mai pH 5 haidironiyom sau 100.

Mataki na farko: kafa wa amsa iyaka

Idan pH cikakkiyar lamba ce, ba wani aiki. pH 3 na ba da 1 × 10⁻³ mol dm⁻³, wato 0.001. pH 9 na ba da 1 × 10⁻⁹. pH 0 na ba da 10⁰, wato mol ɗaya cur a lita, kuma a kula, ba sifili ba ne; ruwa mai pH 0 asid ne mai tsananin ƙarfi.

Idan kuma akwai ɗigo a lambar, dubi cikakkun lambobi biyun da suka sa ta a tsakiya. Lambar 4.35 tana tsakanin 4 da 5, don haka dole amsa ta kasance ƙasa da 1 × 10⁻⁴ kuma sama da 1 × 10⁻⁵. Duk lambar da ke wannan tsakani, idan aka rubuta ta a tsarin kimiyya, za ta zo ne a matsayin wani abu tsakanin 1 da 10, sau 10⁻⁵. Ka ga rabin amsar ya samu ke nan. Rubuta "× 10⁻⁵" a gefen takardarka kafin ka ci gaba. Daƙiƙa biyar wannan zai ci maka, kuma a ganina ya fi duk sauran matakan daraja.

Mataki na biyu: tsaga fawa gida biyu

Yanzu saura lambar da za ta zo a gaba. Dabarar ita ce a rubuta −4.35 a matsayin cikakkiyar lamba mai alamar ragi, da ɗan guntu marar ragi wanda bai kai ɗaya ba. Ɗauki cikakkiyar lambar da ke sama da pH ɗin, wato 5, ka cire pH daga cikinta:

5 − 4.35 = 0.65

Ke nan −4.35 = −5 + 0.65. Gwada ka gani: idan ana bin ka 5 ka biya 0.65, saura 4.35. Tunda tara fawa daidai yake da ninka lambobin,

10^(−4.35) = 10^(0.65) × 10⁻⁵

Abin da ya rage shi ne antilog na 0.65, wato 10^(0.65). Buɗe littafin tebur mai lambobi huɗu a shafin antilog, kada ka ruɗe da shafin log da ke gabansa. Bi layin gefen hagu da yatsa har ka iso .65, sannan ka duba ƙarƙashin ginshiƙin da aka rubuta 0 a samansa. Za ka tarar da 4467. Sa ɗigo bayan lambar farko, ya zama 4.467. Amsa: 4.467 × 10⁻⁵, wadda za mu taƙaita zuwa 4.5 × 10⁻⁵ mol dm⁻³. Ta faɗa daidai cikin iyakar da muka kafa.

Masu amfani da tebur sun san wannan tsagi da sunan Turanci "bar", inda ake rubuta 5 da ɗan layi a samansa sannan .65. Layin na nuna cewa 5 ɗin ce kaɗai mai ragi, guntun da ke bayan ɗigo ba shi da shi.

A nan ne babban tarkon yake. Ɗalibi zai ga −4.35, sai ya ɗauki .35 kai tsaye ya kai tebur, ya samo 2239, ya rubuta 2.24 × 10⁻⁴. A ido amsar ta yi kyau. Amma 2.24 × 10⁻⁴ ya fi 1 × 10⁻⁴ girma, ya tsallake iyaka. Wannan amsar ta pH 3.65 ce, kuma ta ninka ta gaskiya sau biyar. Kuskuren ya zo ne daga manta cewa alamar ragin ta shafi lambar gaba ɗaya, har da .35 ɗin.

Idan pH ya zo da lambobi uku bayan ɗigo, hanyar ba ta canzawa. Ga 3.276: lambar sama 4 ce, 4 − 3.276 = 0.724. Layin .72, ginshiƙi na 4, ka samu 5297. Amsa 5.30 × 10⁻⁴ mol dm⁻³.

Akwai 'yan lambobin da ya kamata su zauna maka a ka, musamman saboda tambayoyin zaɓi irin na JAMB inda lokaci ke gudu. Log na 2 shi ne 0.30, na 3 shi ne 0.48, na 4 shi ne 0.60, na 5 shi ne 0.70, na 8 kuma 0.90. Antilog na 0.5 kuma 3.16 ne. Da waɗannan kaɗai za ka iya fitar da mafi yawan amsoshi da ka. pH 2.70: 3 − 2.70 = 0.30, ke nan 2.0 × 10⁻³. pH 7.40: 8 − 7.40 = 0.60, ke nan 4.0 × 10⁻⁸. Ko guntun bai faɗa daidai kan wanda ka haddace ba, za ka kusanta: 0.65 na tsakanin 0.60 da 0.70, don haka lambar gaba na tsakanin 4 da 5. Wannan ya isa ka zaɓi amsa daga cikin huɗu.

Lura kuma cewa rabin hanya tsakanin pH 4 da pH 5 ba ya ba da 5 × 10⁻⁵. pH 4.5 na ba da 3.2 × 10⁻⁵. Ma'aunin log ba ya tafiya taki daidai da taki irin na rula.

Mataki na uku: kalkuleta

A kalkuletar Casio irin fx-991ES PLUS ko fx-82MS da ɗalibai suka fi riƙewa, dubi maɓallin da aka rubuta log. A samansa, a jikin kalkuletar, akwai ƙaramin rubutu 10ˣ. Danna SHIFT, sannan log, sannan maɓallin ragi mai baka (−), sannan 4.35, sannan =. Fuskar za ta nuna 4.466835922 × 10⁻⁵. Za ka iya kuma rubuta 10, ka danna maɓallin fawa, ka sa −4.35. Sakamakon ɗaya ne.

Hanyoyin da ake ɓata a nan sanannu ne, kuma kowace tana da alamarta.

Wanda ya manta alamar ragi zai samu 22387. Tunda ruwan kansa mol 55.5 ne kawai a lita, babu yadda za a yi a cusa mol dubu ashirin da biyu na haidironiyom a ciki. Duk lokacin da pH ya wuce sifili, amsa dole ta gaza ɗaya.

Maɓallin ln na nan maƙwabtaka da log, kuma SHIFT da ln na ba da eˣ. Wanda yatsansa ya kauce can zai samu 0.0129. Lamba ce ƙarama, marar alamar matsala, shi ya sa ta fi haɗari. Iyakar da ka rubuta a gefe ce kaɗai za ta tona ta.

Sai maɓallin EXP, wanda a wasu kalkuletocin aka rubuta ×10ˣ a ƙasa. Aikinsa shigar da lamba a tsarin kimiyya, kamar 2.0 × 10⁻³, kuma cikakkiyar fawa kaɗai yake karɓa. Idan ka danna 10, EXP, −4, abin da ka shigar shi ne 10 × 10⁻⁴, wato 10⁻³, ka ninka amsarka sau goma ba ka sani ba. Bar shi sai lokacin da kake shigar da yawan sinadari don neman pH.

Na ƙarshe, idan fuskar ta nuna 0.00 ko 0.000, kalkuletar na kan tsarin Fix ne, tana yanke lambobi. Shiga saitin ka mayar da ita Norm ko Sci. Kuma wajen kwafewa, kada ka bar ƙaramar −05 ɗin da ke maƙale a kusurwar dama ta fuskar. Rubuta 4.47 kawai ba amsa ba ce.

A wajen ɗakin jarrabawa, wayar hannu ma na yi, idan ka buɗe ɓangaren kimiyya na kalkuletarta. A Excel kuwa, rubuta =10^(-4.35) a cikin akwati.

Mataki na huɗu: lambobi nawa za a rubuta, da ma'auni

Kalkuleta ta ba ka lambobi goma, amma ba duka ka mallaka ba. Dokar ita ce: yawan lambobin da ke bayan ɗigo a pH, shi ne yawan lambobi masu ma'ana a amsarka. pH 4.35 na da biyu bayan ɗigo, sai a rubuta 4.5 × 10⁻⁵. pH 3.276 na da uku, sai 5.30 × 10⁻⁴. Dalili kuwa, lambar da ke gaban ɗigo ba abin da take gaya maka sai fawa ta goma. Guntun bayan ɗigo shi ke ɗauke da ainihin awon.

Wannan doka tana da tushe a aikace. Na'urar auna pH mai kyau, irin wadda Arnold Beckman ya fara ƙerawa a Amurka a 1934, idan aka saita ta da ruwan bafa (ruwan da aka san pH ɗinsa kuma ba ya saurin canzawa) na pH 4, 7 da 10, za ta iya kuskure na kamar 0.02. Wannan ɗan kuskure na zama kusan kashi 5 cikin ɗari a yawan haidironiyom. Takardar gwaji mai canza launi kuwa, wadda kake kwatanta launinta da na jikin kwali da ido, za ta iya kauce wa gaskiya da rabin taki, wato ninki uku da ɗoriya. Wanda ya tsoma takarda ya ce pH 5.5 ne, sannan ya rubuta 3.16228 × 10⁻⁶, yana iƙirarin sanin abin da bai auna ba. Idan mai tambaya ya faɗi adadin lambobin da yake so, bi nasa.

Kada ka bar amsa babu ma'auni. pH ba shi da ma'auni, amma yawan haidironiyom yana da shi: mol dm⁻³.

Wani lokaci tambayar kan ƙara taki ɗaya, a ce mol nawa ko ayon nawa ke cikin wani adadi na ruwan. Misali cm³ 250 na ruwa mai pH 2.70. Yawan shi ne 2.0 × 10⁻³ mol dm⁻³. Mayar da cm³ 250 zuwa dm³ 0.250 ta hanyar rabawa da 1000, ka ninka: 5.0 × 10⁻⁴ mol. Ninka da lambar Avogadro, 6.02 × 10²³, wato adadin ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, ka samu ayon 3.0 × 10²⁰.

Idan ruwan ya haura 7

Ƙa'idar ba ta canzawa. Ruwa mai pH 10.50 yana da haidironiyom 10^(0.50) × 10⁻¹¹, wato 3.2 × 10⁻¹¹ mol dm⁻³. Kaɗan ne, amma yana nan. Abin da ya yi rinjaye a irin wannan ruwa shi ne haidiroksaid, OH⁻, kuma su biyun a ɗaure suke da juna. A digiri 25:

[H₃O⁺] × [OH⁻] = 1.0 × 10⁻¹⁴, kuma pH + pOH = 14

pOH shi ne −log[OH⁻], takwaran pH na haidiroksaid. Don haka pOH = 14 − 10.50 = 3.50, [OH⁻] = 3.2 × 10⁻⁴ mol dm⁻³. Ninka amsoshin biyu ka tabbatar sun ba da 1.0 × 10⁻¹⁴. Idan pOH aka ba ka aka nemi haidironiyom, fara cire shi daga 14 kafin komai.

Za ka iya ganin wannan da idonka a ɗakin girki. Jiƙa zoɓo, ka tace, ka zuba a kofunan gilashi biyu. Matsa lemun tsami a na farko: jan zai ƙara haske, ya yi jawur. A na biyu ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan kana juyawa: jan zai dushe, ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Kanwa gishirin kabonet ce, tana kwashe firoton daga haidironiyom ta mayar da shi ruwa, launin zoɓon kuma na bin yawan haidironiyom da ya rage. Aikin da kanwa ke yi ke nan idan uwargida ta jefa ta a miyar yakuwa don kashe tsami. Ruwan lemun tsami pH ɗinsa na kusa da 2 zuwa 2.5, a kai shi 7 na nufin rage haidironiyom ɗinsa sau dubun-dubatai.

Lambar 14 ɗin nan ta digiri 25 ce kawai. Ruwa na ƙara rabuwa idan ya yi zafi. A zafin jikin mutum, digiri 37, tsarkakakken ruwa na da pH kusan 6.8, a digiri 100 kuma kusan 6.1. Hakan bai mayar da shi asid ba, domin haidironiyom da haidiroksaid ɗinsa har yanzu daidai suke da juna. Ƙa'idar 10^(−pH) na aiki a kowane zafi. Abin da ke motsawa shi ne 14 da kuma 7 na tsakiya.

Ƙaramin canji a pH, babban canji a ruwa

Idan kwatanta ruwa biyu ake so, ba sai ka lissafa kowanne ba. Cire pH ɗaya daga ɗaya, ka ɗora bambancin a saman goma. Sabuwar madarar shanu na da pH wajen 6.7. Idan ta kwana ta zama kindirmo, ƙwayoyin bakteriya sun mayar da sukarinta asid, pH ya sauka zuwa wajen 4.4. Bambancin 2.3 ne, 10^(2.3) kuma kusan 200. A kan hanyar saukar, wajen pH 4.6, furotin ɗin madarar ke dunƙulewa, shi ya sa take kauri. Ruwan sama mai tsabta na da pH kusan 5.6 saboda iskar kabon dayoksaid da ta narke a ciki, wato 2.5 × 10⁻⁶, ninki 25 na tsarkakakken ruwa. Iyakar 6.5 zuwa 8.5 da aka saba gindaya wa ruwan sha, wadda a ido taki biyu ce kawai, ninki ɗari ce.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne jini. Jinin mai lafiya na tsakanin pH 7.35 da 7.45. Lissafa su: 4.5 × 10⁻⁸ da 3.5 × 10⁻⁸ mol a lita. Likitoci kan faɗe shi da nanomol, wato 10⁻⁹ na mol, ke nan tsakanin 35 da 45, da 40 a tsakiya a pH 7.40. Yanzu ɗauki mai ciwon suga da cutar ta rikice masa, asid ya taru a jininsa, pH ya sauka zuwa 7.10. Wanda bai san log ba zai ce ai 0.3 kawai ya ragu. Amma 8 − 7.10 = 0.90, antilog ɗinsa 7.9, wato nanomol 79. Haidironiyom ɗin jininsa ya ninka biyu, kuma wannan mutum na bukatar taimakon gaggawa. Ɗalibin da ke shirin karatun jinya, likitanci ko aikin ɗakin gwaje-gwaje ya riƙe wannan da kyau: duk saukar 0.3 ninki biyu ce.

Haka ruwan teku. Daga farkon zamanin masana'antu zuwa yau pH na saman teku ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1. Tunda 10^(0.1) shi ne 1.26, ƙarin haidironiyom ɗin ya haura kashi ɗaya bisa huɗu.

Abin da amsarka ba ta faɗa ba

Lambar da ka samu ta haidironiyom ɗin da ke yawo a cikin ruwan ce. Ba lallai ta zama yawan asid ɗin da aka zuba ba. Ga asid mai ƙarfi mai firoton ɗaya, kamar HCl ko HNO₃, su biyun daidai suke, domin duk ƙwayoyinsa na rabuwa: pH 2.00 na nufin asid 0.010 mol dm⁻³. Ga H₂SO₄, asid ɗin ruwan batir, kowace ƙwaya na da firoton biyu, kuma a tambayoyin sakandare akan ɗauka duka biyun sun fita, don haka sai ka raba biyu: pH 2.00 na ba da 0.0050 mol dm⁻³ na asid ɗin.

Asid mai rauni kuwa labarinsa daban. Ruwan khal na girki mai kashi 5 cikin ɗari na ɗauke da kusan mol 0.83 na asid ɗin etanoyik a lita, amma pH ɗinsa wajen 2.4 ne, wato haidironiyom 4 × 10⁻³. Raba wannan da 0.83, za ka ga ƙwaya ɗaya cikin kusan ɗari biyu ce kawai ta saki firoton ɗinta. Sauran na nan a ɗaure, suna jira a kwashe na farko su saki nasu. Don sanin jimillar asid sai an yi taitireshan, wato a ɗiga masa alkali da aka san yawansa har tsaminsa ya mutu, ko a yi amfani da Kₐ, lambar da ke nuna yadda asid ɗin ke rabuwa a ruwa.

Kuma ba a haɗa pH biyu a raba biyu. Idan ka gauraya lita ɗaya ta HCl mai pH 2 da lita ɗaya mai pH 4, amsar ba 3 ba ce. Mayar da kowanne zuwa yawa tukuna: mol 0.01 da mol 0.0001. Jimilla mol 0.0101 a lita biyu, wato 5.05 × 10⁻³ mol dm⁻³, pH 2.30. Mai ƙarfin ya danne ɗayan kusan gaba ɗaya. Duk inda za a tara, a cire ko a nemi matsakaici, a yawan haidironiyom ake yi, sannan a koma pH daga ƙarshe.

Wanda zai ci gaba zuwa jami'a ya san cewa na'urar pH tana auna tasirin haidironiyom ne, abin da masana ke kira aktibiti. A ruwa mai tsarari, tasiri da yawa kusan ɗaya suke, shi ya sa ƙa'idarmu ke aiki. A ruwa mai kaurin asid ko gishiri, ayon na takura wa juna, sai lambobin biyu su rabu. A can ne ake samun pH ƙasa da sifili. A tsohon ramin haƙar ma'adinai na Iron Mountain da ke jihar Kalifoniya an auna ruwa mai pH −3.6. Idan ka sa wannan a ƙa'idarmu za ka samu kusan mol 4000 a lita, abin da ba zai yiwu ba. Lambar tasiri ce, ba ta ƙidayar ayon ba.

Gwada da kanka

Ga guda huɗu. A kowanne rubuta iyaka tukuna, ka tsaga fawa, sannan ka tabbatar da kalkuleta: pH 1.52, pH 6.05, pH 11.30, da ruwan da pOH ɗinsa 4.80 ne a digiri 25.

Na farko, 2 − 1.52 = 0.48, amsa 3.0 × 10⁻² mol dm⁻³. Na biyu, 7 − 6.05 = 0.95, lambar gaba ta wuce 8 amma ba ta kai 10 ba, tebur ya ba da 8913, amsa 8.9 × 10⁻⁷. Idan 1.1 × 10⁻⁶ ka samu, .05 ka kai tebur kai tsaye, koma mataki na biyu. Na uku, 12 − 11.30 = 0.70, amsa 5.0 × 10⁻¹², haidiroksaid ɗinsa kuma 2.0 × 10⁻³. Na huɗu, pH = 14 − 4.80 = 9.20, sai 10 − 9.20 = 0.80, antilog 6.31, amsa 6.3 × 10⁻¹⁰ mol dm⁻³. Wanda ya samu 1.6 × 10⁻⁵ a wannan, haidiroksaid ya lissafa, raba 1.0 × 10⁻¹⁴ da ita, haidironiyom ɗin zai fito.